Kama sabon ƙwaro ba wuya, raɗa masa suna ne aikin

A shekarar 2012 wasu masana a Faransa suka zaɓi nau'o'in halittu 600 daga cikin waɗanda aka raɗa wa suna a 2007, suka bi sawun kowanne: yaushe aka fara kamo shi daga daji ko ruwa, yaushe kuma bayaninsa ya fito a rubuce. Da suka haɗa lissafi, sai suka ga matsakaicin tazarar da ke tsakanin ranar kamu da ranar suna ya kai shekara 21. Wato idan jarida ta buga cewa an gano sabon ƙwaro, sau da yawa ƙwaron ya daɗe yana soke da allura cikin wata durowa, ko yana jiƙe a kwalbar sifirit, wani lokaci ma wanda ya kamo shi ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya kafa tarko a dajin da ba a bincika ba zai kama abin da ba shi da suna. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa ba a taɓa ba shi suna ba, da kuma bayyana shi ta yadda wani a wata ƙasa, bayan shekara ɗari, zai gane shi idan ya gamu da shi.

Maganar ta shafi babbar ƙungiyar halittun da ɓawo ya lulluɓe jikinsu, ƙafafunsu kuma suke gaɓa-gaɓa: ƙwari masu ƙafa shida, gizo-gizo da kunama da kaska masu ƙafa takwas, ƙaguwa da jatan lande, shanshani da ƙadandoniya. Cikin duk dabbobin da kimiyya ta ba suna, wajen kashi 80 cikin ɗari 'yan wannan ƙungiya ne. Ƙwari kaɗai an bayyana kimanin nau'i miliyan ɗaya, kusan 400,000 daga cikinsu dangin buzuzu ne masu taurin fiffiken sama. Kundin gizo-gizo na duniya, wanda gidan adana halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi, ya cika nau'i 50,000 a watan Afrilun 2022.

Nawa suka rage ba suna? A 1982 Terry Erwin, masanin buzuzu daga cibiyar Smithsonian ta Amurka, ya tayar da ƙura da amsar da ya bayar. Ya feshe saman bishiyoyi 19 na nau'i guda a dajin Panama da hayaƙin maganin ƙwari, ya tattara abin da ya zubo, ya sami dangin buzuzu wajen nau'i 1,200. Ya yi hasashen cewa 163 daga ciki ba sa rayuwa sai a kan wannan bishiya. Ya ninka da yawan nau'o'in bishiyoyin ƙasashe masu zafi, da ya ɗauka 50,000 ne, ya ƙara kason sauran ƙwari da na ƙasan daji, lissafinsa ya tsaya a miliyan 30. Kowane mataki na wannan lissafi zato ne a kan zato, shi ma bai ɓoye hakan ba, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙwari ba su cika maƙale wa bishiya ɗaya kamar yadda ya ɗauka ba. Amma ya tilasta wa mutane su daina maimaita tsofaffin alƙaluma su fita su ƙirga. A 2018 Nigel Stork ya tattara hanyoyin kiyasi daban-daban ya fitar da kusan nau'in ƙwari miliyan biyar da rabi. Idan haka ne, huɗu cikin kowane biyar ba su da suna. A shekara ana bayyana sababbin ƙwari dubu bakwai zuwa dubu goma, saboda haka da wannan tafiya sai an haura shekara 400 kafin a gama. Ƙwarin kuwa ba za su jira ba. Masu nazarin ƙwari na garin Krefeld a Jamus sun auna nauyin abin da tarkunansu suka kama a wurare 63 da ake karewa, suka ga ya ragu da kashi 76 cikin ɗari a shekara 27.

Tarkon da suka yi amfani da shi na wani ɗan Suwidin ne, René Malaise, wanda ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930. Ɗan tanti ne na gidan sauro mai bango a tsakiya. Ƙwaro mai tashi ya ci karo da bangon, ya yi sama yana neman haske, ya faɗa cikin kwalbar sifirit da ke ƙololuwa. Tarko guda a mako guda zai iya tara dubban ƙwari, kuma mafi yawansu ba malam-buɗe-littafi ba ne ko manyan buzuzu masu sheƙi da ake son ɗauka a hoto. Ƙananan ƙudaje ne da ƙananan zanzaro, milimita ɗaya zuwa uku, baƙaƙe ko ruwan ƙasa, duk kusan kama ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya haɗa tarkuna daga nahiyoyi daban-daban, ya nuna cewa dangi ashirin kacal ne ke ɗauke da fiye da rabin nau'o'in ƙwari masu tashi da ake kamawa, kuma yawancin waɗannan dangogi su ne suka fi ƙarancin masana. Kafin wannan, a 2016, wani bincike a Kanada ya yi kiyasin cewa dangi guda na ƙananan ƙudaje masu sa tsiro kumburi, Cecidomyiidae, yana da kimanin nau'i 16,000 a ƙasar kaɗai, alhali waɗanda aka ba suna a duk duniya 'yan dubbai ne. Inda jahilcinmu ya fi yawa, nan ne hannun da ke aiki ya fi ƙaranci.

Yanzu a ɗauka kwalbar ta iso teburin masani. Zai fara rarraba abin da ke ciki dangi-dangi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ware nasa, sauran ya aika wa waɗanda suka san su, idan akwai su. Cikin nasa zai duba jijiyoyin fiffike, yawan gaɓoɓin ƙahon ji, jerin gashin ƙafa, ramukan da ke bayan ƙirji. A dangogi da yawa duk wannan ba ya raba gardama sai an duba al'aurar namiji. Ana cire ƙarshen ciki, a jiƙa shi cikin sinadarin da ke narkar da tsoka ya bar ɓawo, a buɗe shi da tsinin allura, a zana ko a ɗauki hoto. Dalili shi ne, wannan sashe na jiki yana saurin sauya siffa idan nau'i biyu suka rabu, ko da sauran jikin bai sauya ba. Wannan hanya tana da tsada ta wani gefen: mata na nau'o'i masu yawa ba a iya tantance su, kuma tsutsotsi, waɗanda su ne ke cin ganye ko tushe, galibi ba a san na wane uba ba ne sai an rene su sun fashe.

Bayan haka sai aikin da ya fi cin rai, wato bin tsofaffin takardu. Lissafin sunayen dabbobi yana farawa ne daga 1758, shekarar da Carl Linnaeus ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, inda ya ba kowace dabba suna biyu: na farko na gidan da ya haɗa ta da makusantanta, na biyu nata ita kaɗai. An yi wa gizo-gizo rangwame ɗaya, domin littafin Carl Clerck na 1757 ana ƙirga shi kamar ya fito ranar farko ta 1758. Duk sunan da aka buga bisa ƙa'ida tun daga lokacin yana da rai har yau, kuma wanda ya riga fitowa shi ke da iko. Saboda haka mai son ya ce wannan zanzaro sabo ne, dole ya kawar da duk sunan da aka taɓa bayarwa a gidan, har da wanda aka rubuta da Latin a layi biyu a 1830, ko da Jamusanci ko Rashanci a wata mujallar da ta mutu tuntuni. Layi biyu da ke cewa baƙi ne, ƙafafunsa ja-ja, zai dace da nau'i hamsin.

A nan ne samfurin asali yake shigowa, kuma a ganina shi ne dabarar da ta riƙe wannan fanni gaba ɗaya. Duk mai raɗa suna yana zaɓar gawar ƙwaro guda, ya maƙala mata lakabi, bisa al'ada ja, ya ajiye ta a wani sanannen gidan adana halittu, ya ce wannan suna na wannan gawa ne. Bayanin da ya rubuta zai iya zama gurgu, zanensa zai iya ɓata, ra'ayinsa game da iyakar nau'in zai iya rushewa, amma gawar tana nan ana iya komawa gare ta. Idan bayan shekara saba'in aka gane cewa abin da ake kira da suna ɗaya nau'i uku ne, ba sai an yi jayayya ba: wanda samfurin asali ya faɗa cikinsa shi ke gadon tsohon sunan, sauran biyun a nemo musu sababbi. Shi ya sa ɗaruruwan masana suka sa hannu a takardar ƙorafi bayan da aka ba wani ƙuda na Afirka ta Kudu suna, Marleyimyia xylocopae, a 2015, da hoto kawai, ba tare da gawa a ajiye ba. Hoton yana da kyau, amma ba a juya hoto a duba cikinsa, ba a kuma ciro DNA, wato sinadarin gado na halitta, daga jikinsa.

Kuskure a wannan aiki iri biyu ne, kowanne da irin ɓarnarsa. Na farko shi ne a ba nau'i ɗaya sunaye da yawa. Linnaeus da kansa ya ga namijin kwarkwasa, ƙato mai fiffike, ya sa shi cikin gidan zanzaro a 1764, domin babu abin da ke jikinsa da zai nuna cewa ɗan'uwan waɗannan makafin tururuwa masu tafiya a jere ne. A wani dangin zanzaro masu gashi kamar karan-miski, maza suna da fiffike mata ba su da shi, kuma an sha ba miji suna daban mata suna daban, har sai an kama su suna barbara. Akwai kuma gaggawar ɗan Adam. Francis Walker, wanda ya yi wa gidan tarihi na Birtaniya aiki a ƙarni na 19, ya bayyana dubban nau'o'i da gajerun kalmomi, yana maimaita nau'i ɗaya da sunaye daban-daban, kuma masanan da suka zo bayansa sun shafe fiye da ƙarni suna warware abin da ya ɗaure. Sauri ya haifi nawa.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, wato a tara nau'o'i da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. A farkon ƙarni na 20 likitocin Turai sun rasa gane wani abu: sauron da ake kira Anopheles maculipennis yana ko'ina, amma zazzaɓin cizon sauro yana wasu yankuna ne kawai. Wani ma'aikacin lafiya ɗan Italiya, Domenico Falleroni, ya lura cewa ƙwayayen da matan sauron ke sakawa suna da zane iri-iri. Daga wannan ne masu bincike a shekarun 1930 suka gano cewa nau'o'i ne da dama masu kama ɗaya, wasu suna cizon mutum, wasu sun fi son dabbobi, wasu suna hayayyafa a ruwa mai ɗan gishiri. Kama da Wane ba Wane ba ne. Sai da aka raba su aka san inda ya kamata a kashe kuɗin yaƙi da cutar. Haka labarin yake ga Anopheles gambiae na Afirka, wanda aka ba suna a 1902, daga baya ya tabbata gungu ne na nau'o'i da ido ba ya rabawa. Ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa cutar, Anopheles coluzzii, bai sami sunansa na kansa ba sai 2013.

Manoma ma sun ɗanɗana kuɗar wannan. A farkon shekarun 1970 wani ɗan ƙwaro mai farin gari a jiki ya ɓulla a gonakin rogo na tsakiyar Afirka yana tsotse tsiron. Babu wanda ya san shi. Sai a 1977 Danièle Matile-Ferrero ta bayyana shi da sunan Phenacoccus manihoti. Tun da rogo daga Kudancin Amurka ya fito, can aka tafi neman abokan gabansa, aka kuma sami wani mai kama da shi a arewacin nahiyar. Zanzaron da aka ɗebo daga jikinsa suka ƙi hayayyafa a kan na Afirka, domin ashe wani nau'i ne daban, wanda aka raɗa wa Phenacoccus herreni a 1981. Da aka gane haka, aka kuma tarar da na ainihin a Paraguwai, sai aka sami ɗan zanzaron da ke kashe shi, Anagyrus lopezi, wanda wani masani a Ajantina ya riga ya ba suna tun 1964. Sakinsa ya shawo kan annobar a ƙasashe fiye da ashirin. Shekarun da aka ɓata ana nema a inda ba nan ba, rashin tantance suna ne ya ci su.

Akwai hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da dokokin sunayen dabbobi, kuma kundinta na yanzu ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2000. Yana buƙatar a rubuta suna da haruffan Latin, a faɗi a fili cewa sabo ne, a kawo siffofin da suka raba shi da waninsa, a ayyana samfurin asali da inda aka ajiye shi. Tun 2012 an yarda a buga a intanet kaɗai, muddin an yi wa aikin rajista a ZooBank, wato rumbun rajistar sunayen dabbobi na hukumar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hukumar ba ta yanke hukunci a kan ko nau'in gaskiya ne ko a'a. Sunan da ya cika sharuɗɗa ya zauna, ko da aikin da ke bayansa na banza ne, kuma kowa dole ya yi la'akari da shi har abada. Ba ta kuma sauya suna don ya munana. Wani makahon buzuzu na kogunan dutse a Silobeniya yana ɗauke da sunan Hitler tun 1937, kuma a 2023 'yan hukumar suka sake jaddada cewa ba za su buɗe ƙofar sauya sunaye saboda ɗabi'ar waɗanda aka yi wa takwara ba. Sunan abin ƙyama ne, kuma ina fahimtar masu son a goge shi. Abin da ya koya wa masu raɗa suna a yau shi ne cewa abin da suka rubuta ba ya kankaruwa.

Sunan nau'i yana zaune, amma gidan da aka sa shi yana iya tashi, domin rarrabawa ra'ayi ne game da dangantaka, ra'ayi kuma yana sauyawa da hujja. Tun da Willi Hennig, masanin ƙudaje ɗan Jamus, ya kafa ƙa'idarsa a 1950, an daina haɗa halittu don sun yi kama kawai. Ana neman ƙungiyar da ta fito daga kaka guda, da duk zuriyarsa. Wannan ƙa'ida da nazarin DNA sun kawo sakamako masu ban mamaki. A 2007 aka nuna cewa gara reshe ce a cikin kyankyasai, ta rasa matsayinta na babban rukuni mai zaman kansa. Ƙwari gaba ɗaya sun fi kusa da wasu halittun ruwa dangin jatan lande fiye da shanshani da ƙadandoniya da aka daɗe ana jera su tare. Wani lokaci kuma sabon reshe ne ke fitowa ɗungurungum: a 2002 aka sanar da sabon babban rukunin ƙwari, Mantophasmatodea, na farko tun 1914, daga gawarwakin da ke cikin daskararren ƙaron itace na yankin Baltik da wasu da suka daɗe a gidajen ajiya, ɗaya an kama shi a Namibiya tun 1909, kafin a je a same su da rai a dutsen Brandberg na Namibiya. Matsalar ita ce, idan gida ya sauya, rabin sunan ya sauya. A 2004 wasu masana suka mayar da sauron da ke yaɗa shawara da dengi daga Aedes aegypti zuwa Stegomyia aegypti, ma'aikatan lafiya suka yi ta ruɗewa tsakanin sunaye biyu, har aka dawo da tsohon tsari a 2015. Da gaskiyar dangantaka da sauƙin aiki, kowanne yana da haƙƙi, kuma ba kullum suke tafiya tare ba.

Babban sauyin zamaninmu ya zo a 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a riƙa karanta ɗan guntun DNA guda, mai haruffa wajen 650, daga kowace dabba, ya zama shaidarta kamar zanen layukan da ake bugawa a jikin kayan sayarwa. Shekara guda bayan haka aka gwada shi a kan wani malam-buɗe-littafi na Kosta Rika, Astraptes fulgerator, da aka sani tun 1775. Daniel Janzen da Winnie Hallwachs da mataimakansu 'yan yankin sun shafe shekaru suna renon tsutsotsinsa, sun ga launinsu da ganyen da suke ci sun bambanta, alhali manyan kamarsu ɗaya. DNA ya raba su gida goma, kuma rabon ya yi daidai da na tsutsotsin. Daga baya wani masani ya sake duba bayanan ya ce hujjar DNA ita kaɗai ba ta kai ta tsayar da goma ba, amma ƙofa ta riga ta buɗe. Yau ana karanta dubban ƙwari a lokaci guda da kuɗi kaɗan, ana haɗa mace da mijinta, tsutsa da uwarta, har an ƙera na'ura a Jamus mai tsamo ƙananan ƙwari ɗaya bayan ɗaya daga sifirit tana ɗaukar hotonsu.

Sai dai guntun nan yana da iyaka. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Nau'o'in da ba su daɗe da rabuwa ba suna iya zama da shi iri ɗaya, kamar gambiae da coluzzii, waɗanda ba ya iya raba su. Nau'i ɗaya da ya bazu a faɗin nahiya kuma yana iya nuna bambanci mai yawa ba tare da ya rabu ba. Ƙwayar cutar Wolbachia, wadda ke zaune a jikin ƙwari masu ɗimbin yawa, tana iya jan wani samfurin guntun ta mamaye al'umma da shi. Kwamfuta tana tara masu kama da juna gungu-gungu ta ba kowane gungu lamba, amma iyakar gungun tana motsi idan aka ƙara sababbin samfura.

Duk da haka a 2021 Michael Sharkey da abokan aikinsa suka buga sunayen sababbin zanzaro 403 na Kosta Rika a takarda ɗaya, inda shaidar kusan kowanne ita ce jerin haruffan DNA ɗinsa, tare da hoto, da kuma bayanin tsutsar da yake rayuwa a jikinta ga waɗanda aka san tsutsarsu. Hujjarsu a fili take: a wannan dangi akwai dubban nau'o'i, dazuzzuka suna ƙarewa, bayanin gargajiya na nau'i guda yana cin kwanaki, saboda haka ko a yi da sauri ko ba za a taɓa yi ba. Martani ya zo da zafi, har daga mutane irin su Rudolf Meier, wanda shi kansa yana cikin masu karanta DNA na ƙwari da dubbai. Suka ce ba a gwada sababbin sunayen da tsofaffin da ke akwai yadda ya kamata ba, gungun kwamfuta ba tabbataccen nau'i ba ne, kuma wanda ba shi da ɗakin gwaji ba zai taɓa iya amfani da sunayen ba.

Na daɗe ina juya wannan gardama, kuma zuciyata tana tare da damuwar su Sharkey, amma hankalina yana tare da masu sukarsu. Wanda ya ce a ci gaba da tafiyar da za ta ɗauki shekara 400 bai ɗauki ɓacewar halittu da muhimmanci ba. Amma gaggawar ba ta buƙatar sunan Latin. Lambar da kwamfuta ke ba gungu ta isa a ƙirga nau'o'in wani daji, a gwada shi da wani, a ce wannan wuri ya cancanci kariya. Lamba ana iya soke ta gobe ba tare da asara ba. Suna kuwa, kamar yadda muka gani, yana zama dole a kan kowa. Wanda ya raɗa sunaye ɗari huɗu ba tare da ya duba na magabata ba, bai rage aikin ba, ya tura shi ne ga wanda zai zo baya, kamar yadda Walker ya yi. Hanyar da ta fi dacewa a ganina ita ce a juya tsarin aikin: a fara da DNA a rarraba dubbai cikin kwanaki, sannan masani ya duba wakilan kowane gungu da ido, inda hujjoji biyu suka dace ya rubuta gajeren bayani mai siffofi kaɗan da ake iya gani, inda suka saɓa ya dakata ya ƙara bincike. Sannan a zuba ƙarfi wajen karanta DNA na tsofaffin samfuran asali, abin da fasahar yanzu ke iya yi ko da gawar ta haura shekara ɗari, domin ta haka ne kawai za a ɗinke sababbin lambobi da tsofaffin sunaye.

Wannan ya kai mu ga inda gawarwakin suke. Yawan nau'o'i yana ƙasashe masu zafi, amma samfuran asali na ƙarni biyu da suka wuce suna Landan da Faris da Balin da Washinton, gadon zamanin mulkin mallaka da tafiye-tafiyen masu tara halittu. Gidan adana halittu na Landan kaɗai yana riƙe da ƙwari fiye da miliyan 30. Masani a Indonesiya ko Peru da ke son bayyana ƙwaron ƙasarsa sau da yawa sai ya nemi biza da kuɗin jirgi kafin ya ga abin da zai gwada shi da shi. Yarjejeniyar Nagoya, da aka cimma a 2010 ta fara aiki a 2014, ta tabbatar wa ƙasashe iko a kan albarkatun halittunsu, kuma hakan gyara ne na zaluncin gaske. Amma a wurare da dama takardun izini ba sa bambanta kamfanin da ke neman magani don riba da ɗalibin da ke son aika ƙuda goma ga wani masani ya duba masa, sai doka ta fi danne wanda aka yi ta dominsa. Ajiye samfurin asali a ƙasar da aka kamo shi daidai ne, da sharaɗin a ba gidan ajiyar kuɗin kula da shi. Gobarar da ta cinye gidan tarihi na ƙasa a Rio de Janeiro ranar 2 ga Satumban 2018 ta tafi da ƙwari wajen miliyan biyar, cikinsu har da samfuran asali masu yawa, bayan shekaru ana kukan rashin kuɗin gyara. Abin da ya tsira daga irin wannan asara shi ne abin da aka ɗauki hotonsa dalla-dalla aka sa a intanet, da 'yan'uwan samfurin da aka rarraba wa wasu gidaje tun farko.

Ƙarancin da ya fi kowanne tsanani shi ne na mutane. Kafin mutum ya san dangi guda na ƙudaje har ya iya cewa wannan sabo ne, sai ya shafe shekaru yana kallonsu, kuma akwai dangogi masu dubban nau'o'i da masanansu a duk duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, wasunsu tsofaffi ne da suka yi ritaya, wasu kuma masu sha'awa ne da ke yin aikin da dare bayan sun tashi daga wata sana'a. Aikin da ya fi amfani a fannin shi ne bitar gida guda gaba ɗaya: a tattaro duk samfuran asali, a haɗe sunayen da suka maimaitu, a bayyana sababbi, a rubuta mabuɗin tantancewa da kowa zai bi. Irin wannan yana cin shekara biyar ko goma ya fito a littafi ɗaya, alhali jami'o'i suna auna ma'aikaci da yawan takardunsa da yawan masu ambatonsu. Dubban takardu suna fitowa kowace shekara a kan ɗan ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila melanogaster, amma da wuya ka ga wadda ta sa aikin Johann Meigen, wanda ya bayyana shi a 1830, cikin jerin madogararta, haka nan ba a cika ambaton mabuɗin da aka bi aka tantance ƙwaron da aka yi bincike a kansa ba. Mujallu suna iya gyara wannan gobe idan suka wajabta ambaton bayanin asali da mabuɗin da aka yi amfani da shi, masu ba da kuɗin bincike kuma suna iya ware wa kowane aikin kafa tarko kason wanda zai zauna ya tantance abin da tarkon ya kama.